Malam Hudu da Fitilar Tankin Kifinsa

Ina alwalar azahar Nasiru, babban ɗan Malam Hudu, ya bugo mini waya daga asibiti. Ya ce, "Baba, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a tsugune da buta a hannu.

Tare muka koyar da Malam Hudu a Dutse, tare muka yi ritaya. Ɗan masunta ne daga Haɗeja, bai taɓa sabawa da zaman inda ba kogi ba. Da Hajiya matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma aiki ya watsa su, sai ya sayo tankin gilashi ya zuba ƙananan kifaye, ya dasa tsirran ruwa a cikin yashi.

Da farko bakin taga ya ajiye shi. Rana ta dafa ruwan, gansakuka ta rufe gilashin. Ya mayar da shi kusurwar ɗaki ya sa masa fitila, sai yawan ɗauke wuta ya sa ganyen ya koma rawaya yana ruɓewa. Na ce, "Malam, ka sa na roba mana ka huta." Ya ce, "Na roba ba ya jiran kowa. Ni abin da zai jira ni nake so."

Ya haɗa ƙaramar sola da farar fitila a saman tankin. Yakan kunna da hantsi, ya kashe bayan la'asar, don a cewarsa ganye ma yana bukatar duhu ya huta. Yakan ce, "Haske kamar gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci." In dogayen tsirrai suka tare wa gajeru haske, da almakashi yake rage su a hankali. Haka na san shi a aji, idonsa kullum na kan ɗaliban kujerar baya.

Ranar da za a kwantar da shi ya ba ni makullin gidan. Bai yi zancen ciwo ba, cewa ya yi, "Kada ka bar su a duhu, kada kuma ka manta ka kashe."

Bayan sadakar bakwai yaran suka ce in ɗauki tankin. Yana ɗakina yanzu. Ganyen ya yi sabon toho, ba ni da wanda zan nuna wa.

Allah ya jiƙan Malam Hudu, ya gafarta masa, ya sada shi da Hajiya a Aljanna. Allah ya ba Nasiru da ƙannensa haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.