Kakan da Baba Bai Iya Yi wa Addu'a Ba

Babana fari ne sol, idonsa kamar na mage. Tun yana yaro a unguwar Fezzan ake tsokanarsa da Bajamushe, wasu su ce a'a, Bafaranshe ne. Tsokanar ba ta taɓa damunsa ba. Abin da ya dame shi daban ne. Mahaifiyarsa 'yar wani Bature ce da ya zauna a Dikwa zamanin da, kuma ba wanda ya san ko mutumin ya musulunta kafin ya mutu. A gida ana cewa ya yi shahada, har an ɗaura masa aure da kakar Baba. A waje ana cewa soja ne kawai, ya zo ya wuce. Malamai sun gaya wa Baba ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Don haka kullum in ya idar da salla sai ya bi iyaye da kakanni ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wannan ya yi shiru, ya tsallake.

Da tsufa ya kama shi sai ya ɗora min aikin. "Kai ne ka yi boko," in ji shi. "Turawa ba sa yin abu ba su rubuta ba. Je ka nemo min shi."

Wallahi da na san abin da ke gaba da na ce ban iya karatu ba.

Matsalar farko, ɗakin da aka haifi kakata bai taɓa motsawa ba, amma ƙasar da yake ciki ta yi ta sauyawa. Faransawa ne suka fara riƙe garin, suka bar wa Jamusawa, daga baya Ingilishi suka karɓa. In na san shekarar da aka haife ta, zan san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. To wa ya sani? Gwaggona ta ce shekarar da fara ta cinye dawa. Na ce wace daga ciki? Ta ce in daina yi mata tambayar 'yan sanda.

A Kaduna, gidan adana tsoffin takardu, na sha ƙura har na yi mura. Ma'aikacin ya yi iya ƙoƙarinsa, daga ƙarshe ya ce abin da ya shafi zamanin Jamus sai Kamaru. Na rubuta Kamaru, aka amsa da Faransanci. Wani abokina da ya yi karatu a Njamena ya karanta min: wasu takardun suna Faransa, wasu Jamus. Na Jamus kuwa na same su a intanet, an ɗauki hotonsu tsaf, amma rubutun kamar tafiyar kaza a kan yashi. Sai da wata ɗaliba a can ta tausaya min ta riƙa karanta min kaɗan-kaɗan. Dawakai, alfadarai, buhunan hatsi, wane ya kamu da zazzaɓi, wane an mayar da shi bakin teku. Har gurgun doki an rubuta. Mace ko ɗaya babu, balle aure, balle shahada.

Dikwa ma na je, da rakiyar sojoji. Tsofaffin da za a tambaya sun mutu, ko sun watse tun lokacin tashin hankali. Na tsaya a rana ina kallon unguwar da ban san kowa ba, na ji haushin Baturen, na ji haushin Baba, na ji haushin kaina. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na dawo na tarar jikin Baba ya ƙara tsanani, sai an tayar da shi yake zama. Tun a mota na shirya ƙarya mai kyau, cewa na ga shaida. Da na durƙusa gabansa ya zuba min ido, bakina ya ƙi.

"Baba, ban same shi ba. Ko sunansa. Ban ma san na wace ƙasa ba ne."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce in kawo masa buta, la'asar ta yi. Na taimaka masa ya yi alwala, ya yi salla a zaune. Ya ɗaga hannu ya bi su kamar kullum, uba, uwa, kaka. Ya zo wurin ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran ya wuce.

"Ya Allah," ya ce, "wannan bawan, ni ban san shi ba, yarona ma ya nema ya rasa. Kai ka san shi. In naka ne, ka ji ƙansa."

Ya juyo ya harare ni, hawaye na bin gemunsa.

"Kai kuma me kake jira? Ka ce amin mana."