Muhammadu Biyu, Buhu Ɗaya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Katsina, ni da abokin aikina, kwamfuta a cinya. Wata ƙungiyar manoma ce a Mai'adua ta kira mu mu kwashe sunayen 'ya'yanta daga tsohon fayil zuwa sabon rumbun bayanai kafin rabon taki. Damina ta kawo kai, kuma wanda sunansa bai shiga ba, ba shi ba taki.

Hanya lafiya lau, in ban da direbanmu da bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba. A Daura muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, farashinsa kuwa ya yi ƙiba.

Fayil ɗin irin na da ne, babu alamar da ta raba bayani da bayani. Kowanne da gurbinsa ƙayyadadde: harafi ashirin na farko suna ne, na gaba ƙauye, sannan girman gona. Na nuna wa rumbun inda zai yanka, ya haɗiye komai, sai layi ɗaya ya tofar. Muhammadu Abdullahi ya fito sau biyu, ƙauye ɗaya, gona daidai wa daida.

Abokina ya ce maimaici ne, in goge mu tafi. Sakataren ƙungiya ya ce su ma kullum ɗaya suke ɗauka. Ni kuwa ba na iya goge mutum ban gan shi ba. Muka hau babur zuwa ƙauyen, ta wajen Kongolam, yashi na ta jan taya.

Dattawa biyu muka tarar suna gyaran garma. Na yi sallama, na tambayi Malam Muhammadu Abdullahi.

"Wanne ciki, ɗana? Babba ko Ƙarami?"

Wa da ƙane ne. Mahaifinsu ya sa wa kowannensu Muhammadu don neman albarka, aka kuma raba musu gonar gado daidai. Sunan da na uban sun cinye haruffan nan ashirin, na'urar da aka rubuta tsohon fayil da ita ta datse laƙabin Babba da Ƙarami. Shekara da shekaru buhu ɗaya suke rabawa.

"Mun zaci haka tsarin yake, gida ɗaya buhu ɗaya," in ji Ƙaramin. Bai ko ɗaga murya ba, abin da ya fi sosa mini rai ke nan.

Muka koma ofishin ƙungiyar na buɗe gurbin laƙabi, na ba kowane manomi lambarsa. Da magariba muka iso gida. Abin da na koyo: in na'ura ta ce mutum biyu ɗaya ne, a je a yi musu sallama tukuna. Bana Ƙarami zai ɗauki buhunsa shi kaɗai. Na shekarun baya kuwa babu rumbun da zai dawo masa da su.