Ɗingishin Yayar Annabi Musa

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙonni, ni da ƙanwata. Yaran da nake koyarwa a lakwal, wato firamare, sun roƙi in rubuta musu labarin yayar Annabi Musa, wadda ta bi akwatin ƙanenta a bakin kogi. Na rubuta yadda marigayiya innata take rera mana shi: yarinyar tana bi tana ɗingishi. Darakta, shugaban makarantarmu, ya ce ba a littafin kowa ya ga ɗingishi ba, in kawo hujja ko in goge. Ni kuwa da ƙafa ɗaya mai shan inna na girma, goge wannan layin ya fi ƙarfina, shi ya sa muka fito neman hujja.

Motar Dogarawa ta cika da buhunan albasa, muka isa muna ƙamshin miya. Wani tsohon malami ya buɗe mana waƙar ajami ta kakansa. A ciki yarinyar kamila ce, ido a ƙasa, ba ta ko gudu. Matarsa ta leƙo ta ce a wajensu da tallar fura ta fake, ta shige gidan Fir'auna. Malam ya harare ta, mu muka kwashe da dariya. Amma ɗingishi babu.

Muka biyo ta Tsarnawa, muka sha kunu da ƙosai mai zafi, sannan muka kama hanyar Tajaye, garin innata. Daga inda mota ta gaji, amalanken jaki ya ƙarasa da mu, jakin kuwa sai da lallashi.

Ƙawar innata ta tsufa tukuf, amma murya na nan. Ta rera mana nata: kogi ya zama ƙoramar damina, akwati ya zama masaki. Yarinyarta kuma lafiya lau take tafiya.

Na ce, "Iya, ina ɗingishin?"

Ta dube ni, ta dubi ƙafata. "Ke ta 'yar Hajo? Ai innakki tas saka mata shi, shekarar da kika ƙi hita wasa don yara na yi miki dariya."

Na yi kuka, na yi dariya, har tsohuwa ta ce in zaɓi guda.

Da la'asar washegari muka dawo gida. Na gane kowane zamani yana ɗinka wa yarinyar nan riga daidai jikin wanda yake so ya ƙarfafa. Na gaya wa darakta gaskiya: hujjar littafi ban samo ba. Ɗingishin na bar shi, a ƙasan shafi na rubuta: ƙarin innata ne.