Rawar Rashawa Da Hannun Hajiya

Minti kusan ashirin da ɗaga labule a gidan wasa, na taɓa 'yata Rabi. Na ce, "Wai yaushe za su ce ga ta nan ga ta nanku?"

Ta ce, "Baba, ma'alish, yi haƙuri, ba sa magana. Tsohon littafi ne 'yan Rasha suka mayar rawa, ƙafa ce bakinsu."

Na ce, "To mu da muka taso kan tatsuniya an kashe mana kasuwa."

Magani ya kawo mu Alƙahira. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke maganar Hajiya, matata, ta daina ko duban mutane. Rabi, da ke karatu a nan, ita ta nace mu fito da uwarta ta sha iska.

Ina ta sunkuyar da kai saboda ƙarancin yadin masu rawa, sai na ji an damƙe ni. Hajiya ce, da hannunta mai lafiya. Ta nuna macen da ke tsakiya, ta nuna namijin da ke gefenta, ta kaɗa yatsa, sannan ta yi alamar goyo.

Rabi ta dafe baki. "Wallahi haka yake a littafin, ta bar mijin, ɗanta take wa kuka."

Har muka koma masaukinmu a unguwar Hayyin Ashir, Hajiya na ba ni labarin da hannu, har da zungura idan na fassara ba daidai ba. Zungurar nan na yi kewarta.

Jama'a, wa ya taɓa ba ku labari baki rufe kuka gane?