Na Rina Barkono, Na Rushe Amanar Shekara Ashirin

Edita, bayan gaisuwa mai yawa, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in iya rubuto wannan wasiƙa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, iyalansu kuma suna nan cikin Katsina, muna haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure.

Lokacin da sojoji suka koma bariki aka mayar da mulki hannun farar hula, ina da shekara talatin da ɗoriya, ina zaune da matata da 'ya'ya biyu a gidan haya a Kambarawa. Na yi difloma, na sha yawon neman aikin gwamnati har takalmina ya cinye, sai wani aminin mahaifina, dattijon attajiri a cikin birni, ya ɗauke ni ya damƙa mini sitonsa. Sana'ar Alhaji ita ce fitar da kayan yaji zuwa ƙasashen waje, busasshen barkono da citta, wani lokaci da zoɓorodo. Aikina shi ne in karɓi kaya daga manoma da dillalai, in sa mata su tsince, a shanya, a auna, a ɗinke buhuna, a loda wa tirela sai Legas. Babban mai sayen kayansa wani Balarabe ne mai kamfanin niƙa da ƙulla kayan yaji a wata ƙasar Turai. A Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shekara ashirin ana hulɗar nan, tun zamanin mahaifinsa, ba a taɓa rubuta yarjejeniya ba. Waya kawai zai bugo ofis, a gaisa, a tambayi iyali, ya ce yana son kwantena kaza kafin wata kaza, shi ke nan magana ta ƙare.

Bayan sauyin gwamnati kasuwa ta buɗe, masu saye daga waje suka yawaita, sababbin 'yan kasuwa suka cika ƙauyuka suna wawure barkono tun yana gona. A wata shekara damina ta ƙi ɗaukewa da wuri, ga shi Alhaji ya tafi Umra ya bar mini komai, karo na farko ke nan. Barkonon da manomanmu na wajen Batagarawa suka kawo bai samu rana ba. Launinsa ya dushe ya koma ruwan ƙasa, wani ma har da ɗigon baƙi-baƙi a jiki. Jirgin ruwa kuwa yana da ranar tashi. Abin da ya kamata in yi ban jahilce shi ba, in ɗaga waya in gaya wa Balaraben cewa bana kaya bai yi kyau ba, ya yi haƙuri da rabi. Amma na ji kunyar a ce daga barin yaro da sito sai ga gazawa. Ina son Alhaji ya dawo ya tarar na yi abin a yaba.

Wani dillali da na yi wa ƙorafi ya yi dariya, ya ce wai ni ne ban san gari ba. Ya ce in sayi jar garura irin wadda dukawa ke rina fata da ita, in dama da man gyada kaɗan, a murza wa barkonon, a sake shanyawa kwana biyu. Ya rantse mini kowa haka yake yi, Turawa kuma ido suke saye ba ɗanɗano ba. Na kwana uku ina juya maganar, a na huɗu na sallami mata masu tsinta da wuri, muka baza tamfol a bayan sito ni da shi muka yi aikin. Wallahi da barkonon ya bushe ni kaina sai da na tsaya ina kallo, ja wur yana sheƙi. Wata tsohuwa cikin masu tsinta ta damƙi kaɗan washegari, ta dubi tafin hannunta, ta dube ni, ta ce wannan jan ba na Allah ba ne. Na daka mata tsawa na ce ta yi aikin da ya kawo ta. Kwantena ta cika har da ragowar 'yan buhuna, waɗanda na sayar wa mata masu daka yaji a cikin gari. Alhaji ya dawo ya sa mini albarka a gaban mutane, ya ce mahaifina ya haifu.

Wata huɗu aka yi shiru. Ran nan bayan la'asar aka ce Alhaji na nemana a gida. Ina shiga zaure na ga Balaraben zaune a kan darduma, mutumin da sai a hoto na san shi. Ya zo Katsina ba tare da ya sanar ba, ga abincin da aka kawo masa ko buɗewa bai yi ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ciro ƙullin ragowar barkonon da ba a niƙa ba daga jakarsa, ya shimfiɗa farin hankici, ya murza guda biyu a kai. Hankicin ya yi jajawur kamar an yanka tantabara. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ba da labari. Ya ce saboda kayan Alhaji ne bai sa an gwada ba, kai tsaye aka zuba a inji aka gauraya da sauran kayan yaji, aka ƙulla aka raba wa shaguna da gidajen abinci. Hukumar lafiyar abinci ta ƙasar ce ta ɗauki ƙulli ɗaya daga wani shago ta gwada, ta gano rinin da aka haramta sa wa abinci, domin likitocinsu na tsoron yana jawo ciwon daji in an daɗe ana ci. Aka rufe kamfanin, aka tilasta masa bin shaguna ɗaya bayan ɗaya yana kwaso kayansa, aka buga sunan kamfanin, wanda sunan mahaifinsa ne, a jarida, ma'aikatansa duk suna zaune a gida.

Alhaji ya ce atafau ba daga sitonsa ba, sai dai ko an musanya kaya a tashar jirgin ruwa. Balaraben ya ce shi ma haka ya so ya kasance, amma hatimin kwantenar lafiya lau ya iso. Sai Alhaji ya miƙe ya shiga cikin gida. Da ya fito ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, Alƙur'ani na hannunsa. Dattijon da bai taɓa rantsuwa a kan ciniki ba zai dafa Littafin Allah a kan ƙaryar da ni na shuka, yana da yaƙinin gaskiya yake faɗa. Ya zauna ya buɗe, ya ɗaga hannun dama. Ban san lokacin da na zube gabansa na riƙe hannun ba.

Na ce, "Baba, don Allah kada ka dafa. Ni ne."

Ya ce, "Mi ka ce?"

Na faɗi komai, tun daga damina har tamfol. Alhaji ya rufe Alƙur'ani ya sumbace shi. Na zaci Balaraben zai shaƙe ni ko ya kira 'yan sanda. Bai yi ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai duk barkonon da na rina ya shiga kwantena, ko akwai saura? Na ce akwai, na sayar a cikin gari. Ya riƙe kai ya yi salati. Ya ce nasa an bi an kwaso an ƙone, domin can akwai mai gwadawa. Na nan fa, wa zai kwaso?

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wata huɗu ina fargabar kada Turawa su gane, ban taɓa tuna mutanen garinmu ba ko sau ɗaya. Washegari na shiga lungu-lungu ina neman matan da na sayar wa. Biyu kawai na samu. Ɗaya ta ce ai tuni ya ƙare, wani ya tafi wurin masu tsire, mafi yawansa kuwa yajin jego ta daka, an raba gidajen masu haihuwa. Ɗayar har da fara'arta, ta ce masu saye sun yaba da jansa, in akwai irinsa in ƙaro mata. Na fito daga gidan na jingina da katanga.

Balaraben ya koma bayan kwana biyu. Ya ce bai riƙe Alhaji a zuciya ba, amma ko yana so ba wanda zai sake karɓar barkonon ƙasarmu daga hannunsa. Da kaka ta zagayo manoma suka zo da kayansu kamar kullum, suka tarar da kwaɗo a ƙofar sito. Alhaji bai kai ni ƙara ba, bai gaya wa mahaifina ba, makullansa kawai ya karɓa. Na yi ta zuwa gaishe shi har ƙarshen rayuwarsa, yana amsawa, yana tambayar yara, amma bai sake duban fuskata ba. Da a ce duka ya sa aka yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Yau ina sayar da hatsi a kasuwa, na rufa wa kaina asiri, amma duk lokacin da na ji an ce wata mata a cikin birni na fama da ciwon da aka rasa kansa, sai gabana ya faɗi. Ba ni da hanyar sanin ko da hannuna a ciki, kuma ba zan taɓa sani ba. Ina roƙon Allah gafara, ina roƙon waɗanda suka ci ba su sani ba su yafe mini.

'Yan uwana masu harkar kayan abinci, musamman matasan da aka ba amanar sito, in kaya ya lalace ku faɗa, kunyar rana ɗaya ce. Kada wani ya ruɗe ku da cewa kowa haka yake yi, ko cewa ai ƙasar waje za a kai. Buhun da ka ɗinke ba ka san tukunyar da zai ƙare a ciki ba, kuma wanda ya saya bai gwada ba, ba wauta ce ta hana shi ba, yarda ce.