Madubin Inna

Wata Asabar ce bayan azahar, a daminar da Inna ta rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba. Kawu Sale, ƙanin babanmu da ke tuƙi a jami'ar Wudil, ya iso Dagumawa da faifan wani fim na Turawa, wai duk ɗalibai zancensa suke yi. Ya tayar da janareto, muka cika ɗakinsa maƙil, har matan da ke surfe suka jingine taɓare.

Ba mai jin Turanci a cikinmu, amma labarin a fili yake: wani tsohon gida ne mai duhu, ga wata mata da ta mutu tana leƙo 'yarta ta cikin madubi. Kai, zo ka ga gudu! Gwaggo Talatu ta yi waje ba takalmi tana salati. Kakarmu ta yi tsaki ta ce, "Aikin banza. Wanda ƙasa ta rufe wa ido ya tafi ke nan."

Ni kuwa ko gezau. Shekarata takwas, abin da ya shiga kaina kawai shi ne, ashe uwa tana dawowa. Washegari na kwance ƙunshin kayan Inna da ke jiran rabo, na sace madubinta. Kullum aka aike ni ciyawar awaki sai in laɓe bayan rumbu in zura masa ido har hawaye su zubo. Awaki suka rame, na sha bulala ba adadi, ban daddara ba. Aka yi girbi, aka shigo da dawa, shiru. Na ɗauka fushi take yi da ni, don ranar da ta ce in miƙo mata ruwa ina can ina carafke da ƙawaye. Na ba madubin nan haƙuri har na gaji.

Yanzu 'yata tana kallon fim ɗin a waya, tana dariya wai tsohon yayi ne. Ni ba na iya dariya. Inna ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, kuma wallahi abin da ke ci mini rai, fuskar matar fim ɗin tana nan daram a idona, har tabon goshinta. Ta Inna kuwa, na nema na rasa.