Akori-kurar Malam Mani ta daina shan mai da baki

Shekara talatin da biyu Malam Mani na Faskari ya yi yana gyaran mota ɗaya tak, akori-kurar da ya gada wajen mahaifinsa, kuma da ita yake kiran kansa bakanike. Kayan aikinsa sukundireba ne da bakinsa. Idan ta yi tari a hanyar Daudawa, sai ya sauko ya buɗe bonet, ya zuƙo fetur ta tiyo, ya fesa a kafireta, ya toshe ta da tafin hannu, ta tashi. Mu fasinja mukan yi masa kabbara, shi kuma ya tofar da sauran man yana kallonmu ɗaiɗai kamar likitan da ya gama tiyata. Ni dai ban taɓa zama kusa da shi ba, ba tare da warin fetur ya sa kaina ya sara ba.

Bara kafiretar ta mutu murus. Ya nemi irinta har Kaduna, masu kayan gyara suka yi ta kiran juna su zo su ga abin tarihi. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka fara gaishe shi da fara'ar da ba ta yi masa daɗi ba.

Sai Bilya, mai gyaran babura a Kankara, ya kawo shawara: a cire kafireta gaba ɗaya, a jera maƙogwaron totur guda huɗu na manyan babura, kowane da injaktarsa, a sa famfo da ɗan akwatin da zai riƙa auna mai.

"Kayan babur cikin motar Baba?" in ji Malam Mani. "Yo mi ya rage, ka sa mata kwalkwali?"

"Baba, ko wannan ko 'yan gwangwan," in ji Bilya.

Ya yarda, bisa sharaɗin za a ce shi ya yi aikin, Bilya ya taya. Ranar gwaji ta ƙi tashi. Kafin Bilya ya buɗe baki, Malam Mani ya fizge tiyo ya kafa a nasa, ya ɗaga hannu a murɗa makulli. Bai san sabon famfon turo mai yake da ƙarfi ba. Fetur ya fito masa ta hanci, ya jiƙa gemu da hula, kwana uku ko kusa da mai tsire ba a barinsa ya je.

Amma motar ta tashi, har tana wuce sababbi da buhunan masara a bayanta. Ya yi ta yawo tasha yana cewa fasaha a jininsu take.

Ran nan muna dawowa daga Kankara ta tsaya cak a wajen Pauwa. Ya sauko da taƙamarsa, ya buɗe bonet. Wayoyi ne ko'ina, babu inda zai zuƙa, babu inda zai toshe. Ya daɗe a sunkuye, wallahi sai da ya ba ni tausayi. Can ya ciro waya ya koma gefe yana neman Bilya.

Wata baƙuwa, Hajiya Saudatu daga Sabuwa, ta leƙo ta taga.

"Malam, an ce mani kai ne bakaniken motar ga?"

Ya rufe bonet a hankali, bai kalle ta ba.

"A'a Hajiya, ni direba ne. Mai gyaran yana tahe."